Ruwan jinkiri a kuromatogarafi ta ruwa

Ruwan jinkiri shi ne adadin ruwan da ke cikin na'urar kuromatogarafi tun daga wurin da ake gauraya ruwayen ɗauka har zuwa bakin bututun rabewa. Ana auna shi da mililita ko mikrolita. A littattafan kimiyyar sinadarai ana rubuta shi da alamar VD, wasu kuma da D kawai. An ba shi wannan suna ne saboda canjin da famfo ya yi wa haɗin ruwa ba ya isa bututun nan take, sai ya tura tsohon ruwan da ke gabansa ya wuce tukuna. Lokacin da hakan ke ɗauka shi ake kira lokacin jinkiri, tD, kuma ana samunsa idan aka raba ruwan jinkiri da gudun ruwa, F:

tD = VD / F

Kowace na'ura da nata ruwan jinkirin, gwargwadon yadda aka ƙera ta da yadda aka haɗa tiyonta. Yawancin hanyoyin gwaji da ake rubutawa ba sa ambatonsa. Saboda haka na'urori biyu za su iya bin umarni ɗaya, da bututu ɗaya, da ruwaye ɗaya, amma su ba da sakamako daban-daban. Wannan na cikin manyan dalilan da ke sa hanyar gwajin da ta yi aiki a wani ɗakin gwaji ta ƙi yi a wani.

Tushen al'amarin

Kuromatogarafi dabara ce ta rarrabe sinadaran da ke cakuɗe a cikin samfur. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Rasha, Mikhail Tsvet, shi ya fara bayyana ta a shekarar 1903, lokacin da ya raba launukan ganye a cikin bututun gilashi da ya cika da garin alli. A nau'inta na zamani da aka sani da HPLC, wanda Csaba Horváth na Jami'ar Yale a Amurka yake cikin waɗanda suka kafa shi a shekarun 1960, famfo ne ke tura ruwan ɗauka da matsi mai ƙarfi ta cikin bututun ƙarfe da aka danƙare da ƙananan ƙwayoyin silika. Ƙwayoyin suna riƙe kowane sinadari gwargwadon halinsa, don haka kowanne yana fitowa a lokacinsa. Na'urar ganowa da ke ƙarshen bututun tana zana fitowar kowane sinadari a matsayin tudu. Daga lokacin fitowar tudu ake gane sinadarin, daga girmansa kuma ake sanin yawansa.

Akwai hanyoyi biyu na tafiyar da ruwan ɗauka. A ta farko haɗin ruwan ba ya canjawa daga farkon gwaji har ƙarshensa. Wannan shi ne haɗi tsayayye. A ta biyu ana farawa da haɗi mai rauni, galibi ruwa mai yawa da ake kira A, sannan a riƙa ƙara sinadari mai ƙarfin wankewa da ake kira B, kamar asetonaitiril ko metanol, a hankali bisa wani jadawali. Wannan shi ne sauyin haɗi. Alm da Williams da Tiselius ne suka bayyana shi a ƙasar Suwidin a shekarar 1952, daga baya Lloyd Snyder ya shimfiɗa lissafinsa, kuma shi da John Dolan suka wallafa cikakken littafi a kansa a 2007. Ana amfani da sauyin haɗi idan samfurin ya ƙunshi sinadarai masu nisan hali, wasu masu saurin fita, wasu masu manne wa bututu.

A haɗi tsayayye ruwan jinkiri ba ya shafar lokacin fitowa, domin ruwan da ke gaba da wanda ke baya duk ɗaya ne. Matsalar ta sauyin haɗi ce kaɗai.

Abubuwan da suka haɗa shi

Ruwan jinkiri jimilla ce ta duk wani sarari da gauraye yake ratsawa kafin ya kai bututu: magauraya, siraran tiyo, bawul, matattarar da ke kwantar da bugun famfo, ɓangaren na'urar ɗiban samfur da ruwa ke bi, da tiyon ɗumama ruwa idan akwai. Abin da ya fi raba na'urori shi ne inda ake yin gaurayawar.

A na'ura mai gaurayawa kafin matsi, famfo ɗaya ne. Wani bawul mai ƙofofi, yawanci huɗu, yana buɗewa yana rufewa don ya ɗebo kason kowane ruwa, sannan famfon ya tsotso su ya matsa. Tunda ruwayen sun haɗu kafin famfo, cikin famfon kansa yana shiga lissafi. Irin waɗannan na'urori na HPLC da aka saba gani suna da ruwan jinkiri wajen mililita 1, tsofaffin ƙira kuma suna kai mililita da yawa. A na'ura mai gaurayawa bayan matsi, kowane ruwa da famfonsa, kuma sai bayan an matsa su suke haɗuwa, don haka cikin famfo ba ya shiga lissafi. Na'urorin UHPLC masu wannan tsari, waɗanda suka yaɗu bayan kamfanin Waters ya fitar da ACQUITY UPLC a 2004, sukan sauko da ruwan jinkiri zuwa wajen mikrolita 100 ko ƙasa da haka. Tsakanin tsohuwar na'ura da sabuwa ana iya samun bambancin ninki goma ko fiye.

Na'urar ɗiban samfur ma tana da nata kason. A wasu ƙira ruwan ɗauka yana ratsa allura da madaukin samfur a duk tsawon gwajin, don haka idan aka sauya madauki da babba, ruwan jinkiri ya ƙaru. A wasu na'urori masu matattarar kwantar da bugu kuma, cikin matattarar yana ɗan buɗewa idan matsi ya ƙaru, har ruwan jinkirin na'ura ɗaya ya riƙa canjawa da matsin bututun da aka ɗaura mata. Shi ya sa adadin da ke cikin takardar kamfani abin farawa ne kawai. Wanda aka auna a na'urar da ke gaban mutum shi ne abin dogaro.

Mutum zai iya zaton rage ruwan jinkiri alheri ne ko da yaushe, amma babbar magauraya tana da amfaninta. Idan magauraya ta yi ƙanƙanta, ruwayen ba sa gauraya sosai, sai layin ƙasa na zanen ya riƙa kaɗawa. An fi ganin haka a gwajin ƙananan furotin, inda ake sa asid ɗin TFA a ruwa kuma ake karanta sakamako da haske mai gajeren zango wajen nanomita 214, zangon da TFA kansa yake shan haske. Masu irin wannan aiki sukan sa babbar magauraya da gangan, su haƙura da ƙarin jinkirin.

Ɗalibai kan rikita ruwan jinkiri da wasu abubuwa biyu. Ɗaya shi ne sararin ruwa na cikin bututu, VM, wato ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin silika da cikin ramukansu. Ɗayan shi ne sararin wajen bututu, wanda samfur yake ratsawa daga wurin sa shi zuwa na'urar ganowa. Wannan na biyun yana faɗaɗa tuddai. Ruwan jinkiri ba ya faɗaɗa su kai tsaye, lokacin isowar sauyin haɗi yake jinkirtawa.

Tasirinsa a kan rabewa

A lokacin da aka sa samfur, agogon gwaji ya fara tafiya, famfo ma ya fara ƙara B. Amma bututun yana ci gaba da ganin haɗin farko har tsawon tD. Wato kowace na'ura tana ƙara wa gwajin wani zango na haɗi tsayayye da ba a rubuta a jadawali ba.

A ɗauki misalin hanyar gwaji da aka tsara a na'ura mai ruwan jinkiri mililita 1.2, da bututu mai tsawon milimita 150 da faɗin milimita 4.6, da gudun mililita 1 a minti. Jinkirin a nan minti 1.2 ne. Idan aka kai ta na'ura mai mililita 0.3, jinkirin ya koma minti 0.3. Sinadaran da bututu ke riƙewa sosai a haɗin farko ba sa motsi sai sauyin ya iso, don haka duk za su fito da wuri da kusan minti 0.9, tazarar da ke tsakaninsu kuma ba ta canja ba. Da a ce duk tuddai haka suke matsawa tare, da matsalar ƙarama ce.

Sinadaran da ke fitowa da wuri su ne ke ɓata lissafin. Waɗannan sun riga sun fara tafiya a cikin haɗin farko kafin sauyin ya cim musu. Ana iya ƙiyasta kason bututun da sinadari ya ci kafin a cim masa da tD / (t0 × k0), inda t0 shi ne lokacin da ruwa ke ɗauka ya ratsa bututu, k0 kuma ma'aunin riƙe sinadarin a haɗin farko. A bututun misalin nan t0 wajen minti 1.6 ne. Sinadari mai k0 na 100 bai ci ko kashi 1 cikin 100 na bututun ba a kowace na'ura. Mai k0 na 5 kuwa ya ci kashi 15 cikin 100 a na'ura ta farko, kashi 4 kawai a ta biyu. Wanda k0 nasa bai kai 0.75 ba ya riga ya fita daga bututun a na'ura ta farko kafin sauyin ya same shi, bai ga sauyin haɗi ba sam. Sakamakon shi ne wasu tuddai su matsa da yawa, wasu kaɗan, wasu su tsaya a inda suke. Tuddai biyu da ke rabe a na'ura ɗaya suna iya haɗewa a ɗaya, wani lokaci har su sauya wuri da juna.

A gwajin magunguna wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana neman sinadaran da suka gurɓata magani a adadi ƙanƙane, sau da yawa wajen kashi 0.1 cikin 100 na ainihin sinadarin maganin. Idan ƙaramin tudun gurɓatawa ya shige ƙarƙashin babban tudu, ba za a gan shi ba, sai a wanke maganin da ya kamata a riƙe. Idan kuma tuddai biyu ƙanana suka haɗe aka ƙirga su ɗaya, jimillarsu na iya wuce iyaka, a ƙi magani mai kyau.

Jinkirin yana bin gwajin har ƙarshe. Zangon wanke bututu da zangon mayar da shi haɗin farko su ma suna isowa a makare. Idan aka kai hanya daga na'ura mai ɗan jinkiri zuwa mai jinkiri da yawa ba tare da ƙara lokaci ba, tudun ƙarshe na iya fitowa bayan an daina karantawa, ya ɓullo a gwaji na gaba kamar baƙon tudu. Ana iya kuma sa samfur na gaba alhali bututun bai gama komawa haɗin farko ba, sai lokutan fitowar tuddan farko su riƙa yawo.

Yadda ake auna shi

Awon ba shi da wuya, kuma ba ya cin sa'a guda. Hanyar da kundin ƙa'idojin magunguna na Turai ya bayyana a babinsa na 2.2.46 ita ce aka fi bi. Ana cire bututun rabewa a sa siririn tiyo a madadinsa, misali mai tsawon mita 1 da faɗin ciki milimita 0.12, don famfo ya sami matsin da zai yi aiki daidai. A ruwa ne zalla, B kuma ruwa ne mai asiton kashi 0.1 cikin 100. Asiton yana shan haske a nanomita 265, don haka a wannan zango ake karantawa. Ana tafiyar da sauyi daga B kashi 0 zuwa 100 cikin minti 20, da gudu kamar mililita 2 a minti, sannan a riƙe shi a B zalla na ɗan lokaci.

Zanen da ke fitowa yana farawa a kwance, ya hau a miƙe, ya sake kwanciya a sama. Ana neman lokacin da layin ya kai rabin tsayinsa. Da babu jinkiri, da ya kai rabi a minti 10 cif, wato rabin lokacin sauyin. Abin da ya ɗoru a kan haka shi ne tD. Idan ya kai rabi a minti 10.55, tD minti 0.55 ne, a ninka da gudun mililita 2, ruwan jinkiri mililita 1.1 ke nan. An zaɓi tsakiyar layin ne saboda magauraya tana lanƙwasa kusurwoyin farko da na ƙarshe, yana da wuya a ce ga daidai inda hawan ya fara. Wannan zane yana kuma nuna lafiyar famfo: idan hawan bai miƙe ba, ko yana da matakala, akwai matsala a bawul ɗin rabon ruwa ko a famfon.

Akwai wata hanya ta awo inda ake tsallakawa daga A zuwa B kai tsaye maimakon hawa a hankali. Sakamakon hanyoyin biyu kan ɗan bambanta, don haka idan za a kwatanta na'urori biyu, sai a auna su ta hanya ɗaya, da gudu ɗaya.

Kai hanyar gwaji daga na'ura zuwa na'ura

Idan bututu da gudu ba su canja ba, gyaran lissafi ne mai sauƙi. Ana matsar da kowane lokaci da ke cikin jadawalin sauyi, t, zuwa sabon lokaci, tc:

tc = t − (D − D0) / F

D0 shi ne ruwan jinkirin na'urar da aka tsara hanyar a kanta, D kuma na na'urar da za ta karɓa. A misalin da ya gabata, D0 mililita 1.2 ne, D kuma 0.3, don haka ana ƙara minti 0.9 ga kowane lokaci. A aikace, an sa zangon haɗi tsayayye na minti 0.9 a farkon jadawalin, ya maye gurbin jinkirin da sabuwar na'ura ba ta da shi.

Komawa ta ɗaya ɓangaren ya fi wuya. Idan na'urar da za ta karɓa ita ce mai jinkiri da yawa, sai an rage minti 0.9 daga farkon jadawali, kuma ba za a iya rage abin da babu ba. Saboda haka masu tsara hanyoyin gwaji da za a yi amfani da su a wurare da yawa suke sa zangon haɗi tsayayye a farko da gangan, ko da rabewar ba ta buƙace shi ba, don mai karɓa ya sami abin da zai datse. Kundin Turai ma ya fi son hanyoyinsa su zo da irin wannan zango, ya kuma ɗora wa mai gwaji alhakin daidaita tsawonsa da na'urarsa. Inda babu zangon, wasu na'urori suna iya fara sauyin haɗi kafin su sa samfur, su jira har sauyin ya kusa bakin bututu sannan su sa shi. Idan na'urar ba ta da wannan dama, sai a taɓa ƙarfen: a sa ƙaramar magauraya, ko ƙaramin madauki, ko a gajarta tiyo.

Kamfanonin ƙera na'urori sun samar da nasu dabarun. Agilent yana da tsarin ISET, wanda ke sa na'urar 1290 Infinity ta kwaikwayi jinkiri da yanayin gaurayawar wata na'ura. Waters ya sa hanyoyin ruwa biyu masu bambancin ciki a na'urar Arc, mai gwaji ya zaɓi ɗaya. A na'urorin Vanquish na Thermo Fisher ana iya ƙara ko rage ruwan jinkiri daga na'urar ɗiban samfur. Amfanin waɗannan shi ne ba a taɓa jadawalin da aka riga aka amince da shi ba. Ƙarin zango a jadawali yana gyara lokacin isowa ne kawai, ba ya maido da lanƙwasar da babbar magauraya ke yi wa kusurwoyin sauyin, kuma a sauyi mai gajeren lokaci ko mai tsalle wannan lanƙwasa ma tana shafar rabewa.

Idan girman bututu ya canja

Sau da yawa ana kai hanya sabuwar na'ura ne don a koma ƙaramin bututu, a rage lokaci da ruwayen da ake kashewa. A nan daidaita mintuna ba ya wadatarwa. Abin da ake ƙoƙarin riƙewa shi ne rabon VD / VM, wato sau nawa ruwan jinkiri zai cika bututun.

Bututu mai milimita 150 da 4.6 yana ɗaukar wajen mililita 1.6. Da ruwan jinkiri 1.2, rabon 0.75 ne. Bututu mai milimita 50 da 2.1 yana ɗaukar wajen mililita 0.11 kacal. Don a riƙe rabon 0.75, ana buƙatar ruwan jinkiri wajen mikrolita 80, abin da na'urar UHPLC ke iya kusanta. Idan aka ɗaura wannan ƙaramin bututu a tsohuwar na'ura mai mililita 1.2, rabon ya haura zuwa kusan 11. Da gudun mililita 0.4 a minti, sauyin ba zai iso ba sai bayan minti 3, alhali ruwa yana ratsa bututun cikin ƙasa da daƙiƙa 20. Gwajin da aka tsara ya ƙare cikin minti 3 zai ƙare kafin sauyin ya taɓa bututu. Haka lamarin yake a gwaje-gwajen da ake haɗa kuromatogarafi da na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari, inda ake son gudu kaɗan: a gudun mililita 0.2, kowace mililita ɗaya ta jinkiri minti 5 ce.

Ba duk bambancin da aka gani bayan an kai hanya ba ne laifin ruwan jinkiri. Ɗakin ɗumama bututu na wata na'ura yana hura iska, na wata ba ya yi, wata tana ɗumama ruwa kafin ya shiga, wata ba ta yi, kuma bambancin zafi kaɗan yana matsar da tuddai. Girman gidan hasken na'urar ganowa, saurin ɗaukar bayanai, da yawan samfurin da aka sa su ma suna da tasiri. Alamar da ke nuna ruwan jinkiri ita ce tuddan baya duk su matsa da adadi kusan ɗaya, na farkon farko kuma su tsaya.

Ƙa'idojin hukumomi

Kundayen ƙa'idojin magunguna na Amurka da Turai da Japan sun daidaita babinsu na kuromatogarafi ya zama bai ɗaya. Sabon babi na 621 na kundin Amurka, USP, ya fara aiki ranar 1 ga Disamba 2022, na Turai kuma a farkon 2023. Kafin wannan, USP bai yarda a canja girman bututu ko na ƙwayoyinsa a hanyoyin sauyin haɗi ba tare da sake tabbatar da hanyar ba. Sabon babin ya ba da dama a yi hakan cikin iyakoki, ya kuma kawo lissafin gyaran ruwan jinkiri. Sharaɗin shi ne, bayan kowane gyara, dole na'urar ta ci gwajin dacewa da hanyar ta gindaya, kamar mafi ƙarancin tazara tsakanin wasu tuddai biyu da aka ambata.

Babi na 1224 na USP yana magana kan miƙa hanyar gwaji daga wani ɗakin gwaji zuwa wani. Ya ambaci gwajin kwatance, inda ɗakunan biyu ke gwada samfur ɗaya a kwatanta sakamako. Tabbatarwa ta haɗin gwiwa. Sake tabbatarwa a ɗakin da ya karɓa. Da yafe gwajin miƙawa idan akwai hujja. Wannan ya shafi masana'antun magunguna da hukumomin sa ido a ko'ina, har da ɗakunan gwajin hukumar NAFDAC a Yaba da Kaduna, domin hanyar da aka tsara a na'urar wani kamfani a Indiya ko Jamus za a maimaita ta ne a na'urar da ɗakin ke da ita. Idan takardar miƙawa ta ƙunshi ruwan jinkirin na'urar asali, da hanyar da aka bi aka auna shi, da gudun da aka auna shi da shi, mai karɓa zai iya lissafa tc kafin ya sa samfur na farko.